Wata Takwas Babu Ɗalibai a Samaru

Ina da shagon fotokofi da buga takardu a Samaru, kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, kuma duk mai sana'a a wannan layi ya san cewa abincinmu a hannun ɗalibai yake. Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin gargaɗi na mako huɗu, ɗalibai suka ɗaure kayansu suka nufi Kwangila neman mota, mu kuma muka zauna muna ƙirga kwanaki. Babu wanda ya zaci cewa sai 14 ga Oktoba za a janye shi.

Tun makon farko na ɗora wa kaina aikin kwantar wa maƙwabtana hankali, domin na ga mutanen da suka saba da raha sun koma zaman tagumi a bakin shagunansu. Sai dai hanyar da na fara bi ba ta dace ba. Duk wanda ya kawo mini kukansa, nakan ce masa kada ya damu, wata mai zuwa ɗalibai za su dawo, alhali ba ni da wata hujja face abin da zuciyata ke fata. Akwai wata dattijuwa mai sayar da abinci a gefen shagona, wadda dukkanmu muke kira Inna, da ita da marayun jikokinta uku wannan tukunya ce ke riƙe da su. Bisa maganata ta karɓi buhun shinkafa da jarkar mai bashi a kasuwar Sabon Gari. Da aka tsawaita yajin da mako takwas a watan Maris, ta same ni ta ce, "Ɗana, da ka ce mini ba ka sani ba, da na fi gode maka." Ban yi barci ba a daren nan, domin na gane cewa daɗin bakina ya jefa ta cikin bashi.

Daga ranar na daina faɗin lokacin da wahala za ta ƙare. Abin da na koma yi shi ne buɗe shago kullum da hantsi, in share gabansa, in fito da benci, ko da ba zan yi cinikin naira ɗari ba. Mutum ya zo ya zauna, sai in bar shi ya amayar da abin da ke ransa ba tare da na katse shi da nasiha ba, domin na lura cewa wanda aka ce wa ya yi haƙuri tun bai gama magana ba yakan tashi da nauyin da ya zo da shi. Sai ya gama nake tambayarsa abin da za mu iya yi a yau ɗin nan.

Da azumi ya kama a watan Afrilu, mu 'yan layin muka riƙa haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa muna buɗa baki tare, kuma muka amince cewa a wurin Inna za a sayi abincin. A hankali shinkafar ta ƙare, bashin ya ragu. Kwamfutocina biyu da ke zaune ba aiki kuwa, na sa yaran maƙwabta suna koyon buga rubutu a kansu duk ranar da aka kawo wuta. Hayaniyar yaran nan ta fi duk wata magana tawa sanyaya zukatan iyayensu. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma na yarda, amma na ga cewa fara'a ta fi shiga rai idan mai ita ya zauna tare da kai a cikin halin da kake.

A ƙarshen Agusta aka ce yajin ya zama na sai abin da hali ya yi, ga kuɗin hayar shago ya taso, ga na makarantar yara. Wannan karon ni ne na karaya, na kwana uku ban fito ba. A rana ta huɗu Inna ta aiko babban jikanta har gida da kwanon abinci, da saƙon cewa mutane sun zo sun tarar da ƙofa a rufe kuma babu wurin zama. Na tashi na je na buɗe, na fito da bencin, na kuma gaya musu gaskiyar halin da nake ciki, abin da ban taɓa yi ba saboda ina ganin mai ba da haƙuri bai kamata a ga rauninsa ba. Mai shayin layinmu da wani direban Keke Napep suka raka ni wurin mai shagon, suka roƙe shi ya ɗaga mini ƙafa zuwa dawowar ɗalibai, kuma ya amince.