Wanne zan danna?

Talata, da dare.

Yammacin yau kaf ya tafi wajen koya wa Kawu buɗe takardunsa a kwamfuta. Da na ce, "Kawu, ku danna nan," sai ya danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse), jerin zaɓi ya faɗo masa, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya ce, "To wanne zan danna, na hagu ko na dama?"

Wannan tambayar ce Apple suka so kashewa lokacin da suka fito da kwamfutocinsu Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, kowacce da linzami mai maɓalli ɗaya tal. Ba rashin sani ba ne. Linzamin da Douglas Engelbart, wanda ya ƙirƙiro shi, ya nuna wa duniya a 1968 maɓalli uku gare shi, haka ma na kwamfutar Xerox Alto, kuma Steve Jobs na Apple ya ga na Xerox da idonsa a 1979. Da gangan suka rage. Masu sayen kwamfuta a wancan zamanin yawancinsu ba su taɓa riƙe linzami ba, idonsu na kan allo, hannunsu na lalube. In maɓalli ɗaya ne, ba yadda za a yi ka danna wanda ba shi ba. Littafin koyarwa ma "danna" kawai zai ce.

Hujjar da ta fi kama ni kuwa ba ta shafi mai koyo kai tsaye ba, masu rubuta manhaja ta ɗaure. Tunda babu maɓalli na biyu da za su ɓoye umarni a bayansa, dole su jera komai a saman allo, inda kowa zai gani ya karanta. Wannan horo ne mai kyau, kuma har yau manhajoji da yawa na bukatarsa.

Sai dai wahalar ba ta ɓace ba, wuri ta sauya. Danna ɗaya ya zaɓa, biyu a jere su buɗe, a riƙe a ja kuma a matsar da abu. Danna biyun nan da sauri, ga mai rawar hannu, ya fi neman maɓallin dama wuya nesa ba kusa ba. Ga riƙe maɓallin Shift na kibod yayin dannawa, daga baya a 1997 aka ƙara Control don fito da jerin zaɓin da masu Windows 95 ke samu da yatsa ɗaya. Wato hannu biyu ke yin aikin yatsa guda.

A 2005 Apple suka sassauta, amma ba su yarda an ga sun sassauta ba. Sabon linzaminsu Mighty Mouse bayansa sumul yake, babu tsaga, alhali yana gane ko hagu aka danna ko dama. Kuma daga kwali ɓangarorin biyu aiki ɗaya suke yi, sai mai so ya shiga saiti ya kunna na daman.