Abin da aikin bahagon mai jifa ya koya mini bayan dokar 2020

Shekaru da dama a besbol na Amurka, bahagon da ke shigowa canji aikinsa ɗaya ne: a kira shi a zagaye na 7 ko na 8, ya fitar da bahago ɗan'uwansa mai bugu, ya koma benci. Silaidar bahago, wato jifan da ke lanƙwasawa gefe, tana karkacewa ne tana guje wa mai bugu na hagu, musamman idan mai jifan ya tsaya a gefen robar da ake tsayawa a kai a yi jifa, ɓangaren da ke kusa da tashar farko, ya saukar da hannunsa ƙasa-ƙasa. Ƙwallon sai ta zama kamar daga bayan kafaɗar mai bugun take fitowa. Da wannan bahagon mai jifa Jesse Orosco ya kai shekara 46 yana wasa, ya buga wasanni 1,252. Da shi wani bahagon, Javier López, ya ci kofin World Series sau uku da ƙungiyar San Francisco Giants.

Babban darasin kuwa mai ɗaci ne. Kociyoyi da yawa sun yi ta gaya wa yara bahagwai cewa kada su ɓata lokaci kan jifan rage gudu, silaida ta ishe su cin abinci. Da dokar 2020 ta zo, ta ce mai jifa sai ya fuskanci mutum uku ko ya ƙare rabin zagayen kafin a cire shi, kociyoyin nan ne suka fara sallamar yaran, wai ba su iya fuskantar na dama ba. To wa ya hana su koyo?

Na dama yana ganin ƙwallon bahago tun daga hannu, silaidar kuma wajensa take shigowa. In ba ta sauka daidai ƙafarsa ta baya ba, ta tsaya a tsakiya, sai dai ka juya ka bi ta da kallo. Maganin shi ne jifan rage gudu. Ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe a gefen ƙwallon, na tsakiya da na kusa da ƙarami su kwanta a samanta, ka tura ta cikin tafin hannu. Ta gaza jifanka mai gudu da mil 8 zuwa 10 a awa, tana zamewa nesa da na dama. Inda ake lalata ta guda biyu ne: rage saurin hannu, wanda mai bugu ke ganewa nan take, da barinta ta iso sama da gwiwar mai bugu. Riƙon ne ke rage gudun, hannu kuwa ya tafi da ƙarfinsa na kullum. Ka riƙa jefa ta tun a wasan cafe na ɗumama jiki, kullum, har yatsu su saba.

Sauran darussan gajeru ne. Tun 2023 sau biyu kawai za ka iya jifa tashar farko don kama ɗan wasan da ke can, a lokacin mai bugu ɗaya, ba tare da hukunci ba, don haka kada ka ƙona na farko a banza. Jifan da ka yi a wajen ɗumama hannu ka riƙa ƙirga shi da kanka, domin manajan da ya tashe ka sau uku bai saka ka ba, gobe zai rubuta cewa ka huta.