Hoto a bayan baƙaƙe

Shekarata ta farko a shagon gyaran waya a unguwar PZ da ke Zariya, Maigida bai taɓa barina na kwance bayan waya ba, balle in riƙe ƙarfen narka dalma. Ya ce sai hannuna ya daina rawa. Abin da aka bar mini shi ne ayyukan da manyan yaran shago ke yi wa kallon raini: tura karatu da waƙoƙi a memori, manna gilashin kariya, buɗe wa mutane WhatsApp, sai kuma sa hoto a bayan kibod, wato allon nan da ke tasowa daga ƙasan fuskar waya idan za ka yi rubutu. Wannan na ƙarshen ni kaina na raina shi. Naira 200 nake karɓa, Maigida ma ba ya tambayar kasonsa.

Ɗaliban Samaru da Kongo ba sa kawo mana wannan aiki, da kansu suke yi. Masu kawowa su ne 'yan kasuwar Sabon Gari, da masu Keke Napep, da matan aure da ke aiko yara da waya a cikin leda tare da saƙon baki: a sa mata hoton autanta. Aikin kuwa ba ya cin minti biyu. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel suna ɗaukar Gboard, kibod ɗin da Google ya fitar a 2016. Ka taɓa alamar saiti da ke saman baƙaƙe, ka shiga sashen ado wanda suka rubuta wa Theme, ka danna alamar tarawa, ka zaɓi hoto, ka ja shi ya zauna. Daga nan akwai wani ɗan layi da ake ja don ƙara wa hoton haske ko duhu, da wani maɓalli da ke sa wa kowane baƙi ɗan gidansa. Waɗannan biyun na ƙarshe tsallake su nake yi, domin a ganina ɓata hoto kawai suke.

Wani dattijo ne ya gyara mini zama. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yanzu yana sayar da hatsi. Ya kawo hoton jikansa a kan doki ranar hawan Daushe, yaron cikin farar riga da farin rawani, rana ta haske shi tas. Na sa hoton, na ja haske har ƙarshe, na cire gidajen baƙaƙe don kada su yanka fuskar yaron. A cikin shago, ƙarƙashin rumfa, abin ya yi kyau har na nuna wa abokan aikina. Baba ya sa albarka ya tafi.

Bayan kwana uku sai ga shi. Bai shigo ba, daga bakin titi ya yafuto ni. "Yaro, zo nan. Rubuta mini lambar wayarka." Ƙarfe ɗaya na rana ne, a watan Maris. Na karɓi wayar na duba, ban ga komai ba sai farar riga. Baƙaƙen farare ne, rigar fara, rana kuma ta haɗiye sauran. Ni mai shekara 19 sai da na kare fuskar wayar da tafin hannu kafin na gano inda 6 take. Ya ce sau biyu yana ƙoƙarin tura wa mai kawo masa masara kuɗi, sau biyu sunan wani baƙo yana fitowa, don yatsansa na sauka a lambar da ba ita ba. Allah ya taimake shi, mutum ne mai karanta suna kafin ya sa lambar sirri, tarbiyyar aikin tasha. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Na rage hasken hoton sosai, na mayar da gidajen baƙaƙe, na ƙara wa kibod ɗin tsawo. Jikan ya koma kamar ana hango shi da magariba, amma Baba ya rubuta sunansa a tsaye cikin rana ba tare da kuskure ba.

Da ya tafi Maigida ya ce, ba tare da ya ɗago kai daga wayar da yake gyarawa ba, "Idonka ka yi wa aiki, ba mai waya ba." Tun daga ranar, duk wanda na sa wa hoto sai na fito da shi waje, na miƙa masa wayarsa, na ce ya rubuta sunansa da lambarsa ina kallo. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Ni kuwa a nan nake gane wanda idonsa ya fara rauni bai faɗa wa kowa ba, da wanda yatsunsa suka fi maɓallan girma, da wanda bai iya karatun boko ba amma ya haddace wurin da kowane baƙi yake. Wannan na ƙarshen, in ka sauya masa tsarin kibod don kwalliya, ka rufe masa ƙofa ne gaba ɗaya.

Sannu a hankali na fahimci cewa ba kowane kyakkyawan hoto ne ya dace da wurin ba. Kibod faɗi gare shi, ba tsawo ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar waya yake ci. Mutanenmu kuwa a tsaye suke ɗaukar hoto. Saboda haka dole a yanke, ko kai ya tafi ko ƙafa, fuskar kuma takan faɗo daidai layin tsakiya, F da G da H su zauna a kan ido da hanci. Hoton da aka fi nema a wurina shi ne ƙofar Fadar Zazzau, kuma shi ne ya fi ba ni wahala, domin zanenta launi ne a kan launi, babu inda baƙi zai tsaya ya fito. Dutsen Kufena da yamma, sama ta yi ja ƙasa ta yi duhu, ya fi shi zama sau goma, amma sai na yi ta lallashi kafin a yarda.

Akwai kuskuren da ya fi na Baba girma, wanda na daɗe ina yi ban sani ba. Kafin in tsaya a kan Gboard, wasu manhajojin kibod nake sa wa mutane, masu walƙiya da furanni da ƙarar ɗigon ruwa idan an taɓa. Ta Xender muke tura wa juna su, babu wanda ya san mai su. Duk lokacin da za ka kunna sabon kibod, Android takan fito da gargaɗi cewa wannan manhaja tana iya tattara duk abin da ka rubuta, har da kalmar sirri da lambar katin banki. Na danna amincewa ya fi sau ɗari ban karanta ba. Wata rana Maigida ya riƙe hannuna ya ce in karanta da ƙarfi, in fassara wa mai wayar. Da na fassara, mutumin ya ce, "A'a, cire mini."

Gargaɗin ba na ado ba ne. A watan Disamba na 2017 an gano bayanan mutum fiye da miliyan 31 masu amfani da wani kibod mai suna ai.type a buɗe a intanet, babu ko kalmar sirri a kan rumbun. Abin da ya ja mutane gare shi kuwa shi ne irin wannan kwalliyar. Kyan ɗan maciji ke nan. Ka duba abin da ke bi ta kan kibod a yini ɗaya: lambar sirrin banki, lambar BVN, saƙon miji da mata, cinikin da ba a so maƙwabci ya ji. Ban da haka, a ƙaramar itel irin waɗannan manhajoji talla suke ta jawowa, su cinye data, su sa waya nauyi, mai ita ya dawo yana cewa batir ya lalace. Yanzu Gboard nake sawa, ko SwiftKey wanda Microsoft ya saya a 2016. Ba na cewa waɗannan kamfanoni waliyyai ne, amma dai an san gidansu. Masu iPhone kuwa nakan gaya musu gaskiya, kibod ɗin Apple ba ya karɓar hoto, sai an ɗora wani a kai.

Tun da na riga na shiga saiti, nakan ƙara wa mutum Hausa a cikin harsunan kibod ɗinsa, kyauta. Ya danna k ya riƙe, ƙ ta fito, haka ɓ da ɗ. A Zariya wannan ba ƙaramin abu ba ne, garin da "na tafi fada" da "na tafi faɗa" ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Kuma wayar takan daina mayar masa da kalmomin Hausa zuwa Turancin da bai nufa ba. Da yawa hoto ya kawo su, amma wannan suke komawa gida suna nuna wa mutane.

Wani malamin Islamiyya daga wajen Ƙofar Doka, yana zaune yana jiran a canza masa gilashi, ya ga ina sa wa wani saurayi hoton aya da aka ƙawata. Ya ce, "Ɗana, yatsan da zai yini yana dukan ayar nan, shi ne zai rubuta zagi a Facebook, wayar kuma har bayi ake shiga da ita." Ni ba malami ba ne, ba na yanke wa kowa hukunci, amma ina maimaita wa duk wanda ya kawo irin hoton wannan magana, sannan in bar masa zaɓi. Mafi yawa sukan canza.

A makon jiya wata ma'aikaciyar jinya ta biyo daga Shika da hoton mahaifiyarta, wadda ta rasu bara. Tsohon hoto ne da aka ɗauka daga jikin kati. Na daidaita shi yadda fuskar ta koma gefe, baƙaƙe ba su hau ta ba, na ja duhu zuwa rabi na nuna mata. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta ce in ƙara dai. Na ce, "Anti, in na ƙara ba za a gan ta ba fa." Ta karɓi wayar ta ja layin da kanta har kusan ƙarshe, sai ɗan farin mayafi kawai ake hangowa a gefen P.

Ta ce, "Bar shi haka, ƙanena. Ba don mutane na sa ba, ni na san tana nan."