Sana'ar kai baƙi kallon namun daji a Yankari

Mu masu ɗaukar baƙi zuwa Yankari, jarinmu na gaske shi ne sanin lokaci. Dajin yana ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, don haka ba gidan zu ba ne da za a nuna wa mutum giwa da yatsa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, in kududdufai sun ƙafe, ciyawa ta bushe, dole dabbobi su gangaro kogin Gaji shan ruwa. Nan ake ganin ɓauna, gwanki, kanki da mazo, har giwa in an taki sa'a. Da damina kuwa ciyawa ta rufe ko'ina, hanya ta yi taɓo, kuma mai gaskiya zai faɗa wa baƙo haka kafin ya karɓi kuɗinsa. Zaki dai ba a alkawarinsa ko a wane wata.

A cika tanki tun daga Bauchi. A Dindima ake barin titin Gombe a nufi Mainamaji, ƙofar shiga dajin, daga nan sauran kimanin kilomita 40 zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi, saboda haka a tashi da wuri a isa da sauran rana. Safaya biyu, jak, igiyar jan mota, da ruwan sha aƙalla lita uku ga kowane mutum a yini. Zafin Maris ba ya wasa.

Fita kallo da sassafe ake yi ko bayan la'asar, tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan dajin. Da tsakar rana asarar mai ce kawai, dabbobi duk suna inuwa. In an tarar da giwaye, a tsaya nesa, a yi shiru, kan mota yana fuskantar mafita. Kada a kuskura a shiga tsakanin uwa da ɗanta. In ta baza kunnuwa tana kaɗa kai, a ja da baya a hankali, ba hon. Baƙi su guji baƙaƙen kaya da shuɗi, su ne ke jawo ƙudan tsando.

Abin da ya fi jawo mana rigima ma a cikin sansani yake: gwaggon biri. Ya san leda, ya san kular abinci, gilashin mota ko tagar ɗaki in an bari a buɗe ya shige. Wanda ya miƙa masa ayaba don ɗaukar hoto ya gayyato sauran.

Wajen yanka farashi, mai da ladan direba ba sa raguwa don kujera ta tafi fanko. A raba su bisa mutanen da suka ba da kafin alƙalami, ban da masu cewa "in sha Allahu muna nan tafe". A kuma bar wa baƙi awa biyu a ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31, musamman ranar da giwa ta ƙi fitowa.