Wasiƙa Zuwa Gida: Bayan Gudu Mai Tsanani, Kwanciya ko Sassarfa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman matasanmu masu gudu da ƙwallo.

Tun zuwana ƙasar nan nake lura da cewa idan 'yan tsere suka kammala gudun mita 400, mai horar da su ba ya barin kowa ya zube ƙasa yana haki, sai ya tashe su su yi ta sassarfa a hankali. Da farko na ɗauka mugunta ce, ashe akwai dalili.

A lokacin hutu, ma'aunin pH na jinin mutum, wato ma'aunin da ke sauka idan tsami ya ƙaru, yana tsakanin 7.35 da 7.45. Idan tsoka ta ƙona sukari da gaggawa, sai jini ya ƙara tsami, ma'aunin ya sauko kusa da 7.1, shi kuwa laktet, sinadarin da tsoka ke samarwa yayin wannan ƙonawa, wanda a lokacin hutu bai wuce milimol (ma'aunin yawan sinadari) 1 zuwa 2 a kowace litar jini ba, yana iya haura 15. Hakin nan da kuke yi ma aiki ne, domin wani sinadarin jini mai suna bayikabonet yana kama tsamin, huhu kuma ya fitar da shi a matsayin iskar kabon dayoksaid.

Wanda ya kwanta yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye kafin laktet ɗinsa ya koma daidai, amma mai sassarfa yakan rage wannan lokaci sosai, saboda jini na ci gaba da gudana, zuciya da tsokoki suna ƙona laktet ɗin, hanta kuma tana mayar da wani kaso sukari. Wannan aiki na hanta Carl da Gerty Cori ne suka bayyana shi, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1947. Sai dai sassarfar ta zama mai sauƙi, wadda mutum zai iya hira a cikinta, in ba haka ba sabon laktet yake tarawa.

Duk da haka, ban yarda a ce kwanciya ba ta da rana ba. Idan 'yan daƙiƙu ne kawai tsakanin gudu da gudu, tsayawa cik ta fi taimaka wa tsoka ta mayar da fosfokiriyatin, makamashin da take fizga da shi.

Abin da muke kira tsamin jiki kuwa, wanda ke kama mutum bayan kwana ɗaya ko biyu, suna kawai ya haɗa shi da tsamin jini. Ƙananan raunuka ne a zaren tsoka, kuma laktet ya daɗe da gushewa kafin su fara ciwo.

Wassalam,
ɗan'uwanku a ƙasar waje.