Bututun babbar jijiya idan gubar jini ta shiga

Ƙannena da kuka fara aiki a sashen kulawa ta musamman, duk majinyacin da ke ɗauke da bututun babbar jijiya, a wuya ko a matse-matsi, idan zazzaɓi ya taso masa kuma jininsa ya fara sauka, ku sa bututun nan cikin abubuwan da za ku fara zargi. Kada tsabtar fatar wurin ta ruɗe ku. Sau da yawa ba ja, ba kumburi, ba mugunya, alhali ƙwayoyin cuta sun yi danƙo sun manne a cikin bututun, inda magani ba ya cin su yadda ya kamata.

Abin da ya taɓa kayar da ni tsoro ne. Majinyacin da jijiyoyinsa suka ɓuya, ta bututun nan kaɗai maganin ɗaga jini ke shiga, sai na riƙa canza antibayotik ina jan lokaci. Ya sha wahalar da bai kamata ya sha ba. Ka'idojin Surviving Sepsis Campaign na 2021, wato jagorar ƙasa da ƙasa kan kula da masu gubar jini, sun fayyace: a samar da wata hanyar shigar da magani a sabon wuri, sannan a cire bututun da ake zargi ba tare da jinkiri ba. Zura sabon bututu ta kan siririyar wayar jagora a tsohon rami kuwa mayar da cutar ne inda take.

Kafin allurar antibayotik ta farko, ku ɗebi jini sau biyu a lokaci guda, ɗaya ta bututun, ɗaya ta jijiyar hannu, ku rubuta wa kowace kwalba inda aka ɗebo ta. Idan ta bututun ta riga ɗayar nuna ƙwayoyin cuta da awa 2 ko fiye, to daga nan cutar take. Amma ɗibar jini kada ta hana magani shiga cikin awa 1 ga wanda jininsa ya faɗi.

Ba kowane zazzaɓi ne ke sa a cire bututu ba; wanda jikinsa ke tsaye ana iya jiran sakamakonsa ana sa masa ido. Amma idan ƙwayar cutar da gwajin ya nuna Staphylococcus aureus ce, ko Candida, ko Pseudomonas, ko jini ya ci gaba da nuna cuta bayan awa 72 ana kan maganin da ya dace, babu zancen ceton bututu. Mai Staphylococcus aureus ku yi masa hoton zuciya, ku maimaita gwajin jini har ya fito fes, magani kuma kada ya gaza kwana 14.