Rigar Cikin Sulke da Yadda Muke Ɗinka Ta

A shagonmu da ke cikin birnin Kano kaya uku muke ɗinkawa: lifidin doki da na mahayi, wato rufin kariya mai ɗurin auduga, hular da ake sawa a ƙarƙashin kwalkwali, sai rigar cikin sulke. Mutane sun fi sanin lifidi, domin shi ne yake fitowa fili ranar Hawan Daushe idan 'yan lifida suka nufo Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, dawakai a lulluɓe da ja da rawaya da kore. Ni kuwa rigar cikin sulke ce ta fi cin hankalina, kuma da ita nake gane ko maɗinki ya san aikinsa.

Sulke zobba ne na ƙarfe da aka sarƙa, dubbai, ɗaya cikin ɗaya. Wanda ya sauko har gwiwa yakan kai kilo 10, kuma kusan duk nauyin a kafaɗa yake sauka. Ƙarfe ba ya shan gumi, yana ɗaukar zafin rana, yana kama gashin jiki, yana cizon fata a duk inda ya sami lanƙwasa. A 'yan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Mahayi zai hau tun la'asar ba ta yi ba, ya jira a jera tawaga, ya yi zagaye, ya yi jafi, bai sauka ba sai bayan magariba. Gobe kuma ga Hawan Nassarawa. Wanda rigarsa ta ciki ba ta da kyau, kafin a kai Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar Sarki, kafaɗarsa ta saɓule, wuyansa ya yi jawur.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Hausa. Tun ranar da aka fara sa sulke a ƙasar nan akwai wanda yake zaune da allura yana ɗinka abin da za a sa a ƙarƙashinsa. Da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake adanawa a Disambar 2024, na yi murna ƙwarai, domin aikin hannunmu yana cikin abin da aka karrama.

A wurin kawuna na koya, ƙanin mahaifiyata, a wani zaure kusa da kasuwar Kurmi. Na daɗe a gabansa bai ba ni allura ba. Aikina tsince auduga ne, in fitar da ƙwaya da ganye da ƙasa, sannan in kai wa tsofaffin gidanmu su shiɓe ta da baka har ta tashi. Bayan nan ya koya mini ɗura. Za a ɗinke ƙyalle biyu layi-layi, faɗin kowane layi yatsa biyu, sai a riƙa tura auduga da siririn tsinken gora, kaɗan-kaɗan, ana lallaɓawa da tafin hannu. Idan na ce na gama, sai ya ɗauki ƙyallen ya fita bakin zaure ya ɗaga shi ga rana. Inda haske ya ratso, audugar ta yi kaɗan. Inda ya yi duhu sosai, ta dunƙule. Sai ya miƙo mini ya ce, "Ɗan nan, ɗan sarki ne zai hau da wannan, ko ba ɗan sarki ba ma mutum ne. Zare ka sake." Har yau haka nake duba aikin yarana, kuma babu rigar da ke fita daga shagon nan ba a ɗaga ta ga rana ba.

Rigarmu hawa uku ce. Na jikin fata farin yadi ne na auduga zalla, mai laushi, kuma sai mun wanke shi mun shanya kafin almakashi ya taɓa shi, don sitacin masaƙa ya fita, ya gama tsukewar da zai yi. Na waje, wanda zobba ke gogawa, saƙi ne mai ƙarfi na hannu, ko yadi mai kauri idan mai kaya bai kai ga saƙi ba. Tsakiya auduga. To, a nan nake da ra'ayin da ba kowane maɗinki ya yarda da shi ba. Audugar rimi ta lifidi ce. Ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, shi ya sa doki zai ɗauki lifidi har ƙasa bai gaji ba. Amma abin da ya sa ta dace da lifidi shi ne ya hana ta dacewa da rigar ciki: gumi ba ya samun wurin shiga, sai ya gangaro ya taru a ƙugu. Don haka audugar gona nake ɗurawa, irin wadda ake nomawa a yankin Funtuwa da Malumfashi. Tana sha, tana riƙewa, idan iska ta ratsa zobba sai mahayi ya ji sanyi-sanyi. Audugar rimi kuma wuta take jira, tartsatsi ɗaya ya ishe ta, shi ya sa nake roƙon 'yan lifida su nisanci 'yan bindiga idan an fara harbi.

Kaurin rigar ba ɗaya ba ne ko'ina. Kafaɗa ce take da rabo mafi yawa, sai saman baya da ƙashin wuya. Ƙirji matsakaici. Ƙarƙashin hamata babu auduga ko kaɗan, sai dai mu sa ƙari mai kusurwa huɗu don mahayi ya iya ɗaga mashi ko takobi wajen jinjina ba tare da rigar ta biyo hannunsa sama ba. Muna tsaga ta gaba da baya daga ƙugu zuwa ƙasa don ta kwanta a sirdi. Wuya a tsaye yake, ya ɗara bakin sulke da yatsa guda. Ba ma sa zif, ba ma sa maɓallin ƙarfe, igiya kawai muke sawa a gefe, domin duk abu mai tauri da ke ƙarƙashin sulke sai ya nutse cikin nama. A ƙugu muna ƙara ninki ɗaya inda ɗamara za ta zauna, saboda ɗamarar da aka ɗaure tamau a kan sulke tana sauke wani ɓangare na nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso. Layukan ɗinkin a tsaye suke, kuma duk taƙi guda muna gitta ɗauri da zaren abawa don kada auduga ta zame ta taru a gindi. Wannan ɗaurin da hannu ake yinsa. Keke ba ya iyawa, domin yana danne audugar ta mutu.

Nakan ce a zo mini da sulken, kada a aiko da awo a waya. Tsoffin sulkuna na gidajen sarauta kowane zobe an ƙulle bakinsa da 'yar ƙusa, suna da santsi, suna zamewa a kan riga. Sababbin da ake ƙerawa yanzu yawanci baki kawai ake haɗawa, tsinin yana kama zare yana yage shi. Rigar da za ta zauna a ƙarƙashin irin wannan sai an ƙara mata ƙarfin ƙyallen waje. Ba zan san haka ba sai na shafa da hannuna.

Wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatu a Ingila ya taɓa nuna mini hotunan Turawan da ke taruwa suna kwaikwayon yaƙin Hastings na 1066, sanye da sulke irin namu. Su ma suna da rigar ciki mai ɗuri, ta lilin, har da layukan tsaye. Tasu ta fi kauri, domin suna dukan juna da takubba marasa kaifi, kuma ƙasarsu da sanyi. Wanda ya kwaikwayi tasu ya hau da ita a Kano ko Zariya ko Damagaram cikin bazara, zafi zai sauke shi daga doki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu soso. Yanzu da an ga watan Sha'aban sai ka ga riguna jibge, an sa soson katifa tsakanin yadin roba biyu, an bi da keke cikin yini guda. A ido ta fi tawa kumbura, kuɗinta bai kai rabin nawa ba. Amma roba ba ta numfashi. Gumi zai tsaya tsakanin fata da yadi, gishirinsa ya fito ta ɗinki ya cinye sulke da tsatsa, soson ya lotse a kafaɗa tun hawan farko, a na biyu ya fara marmashewa. An sha kawo mini sulken kaka da kakanni ya yi ja wur saboda irin wannan riga. Wanda yake son ya gane yadi, ya zare zare ɗaya ya kusanta shi da ashana. Auduga takan ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule baƙi ƙirin.

Sai masu ciniki. Mutum ya kashe dukiya a kan doki da sirdi da linzami da jalala, ya ɗinka wa yaransa anko, idan ya zo kaina sai ya ce, "Haba Malam, abin da ba wanda zai gani?" Nakan ce, "Ranka ya daɗe, kafaɗarka za ta gani. Albarka." Wasu su tafi wurin masu soso, washegarin salla su dawo suna neman in cece su kafin hawa na gaba. Masu kawo auduga ma ba su bar ni na huta ba. Wani ya yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi a sikeli, wani ya bar ƙwaya a ciki, alhali ƙwayar nan ita ce ke jawo ɓera. Itatuwan rimi kuma ana ta sarewa, kowace shekara sai an ƙara nisa kafin a samu mai kyau.

Rigar da aka kula da ita takan yi shekaru. Ka sa 'yar shara mara nauyi a ƙarƙashinta, ita za ka riƙa wankewa kullum. Da ka sauka daga doki ka raba ta da sulke nan take, kada su kwana tare. Ka juya cikinta waje ka baza ta a inuwa inda iska ke wucewa, kwance a kan tabarma, domin idan ka rataye ta da lema nauyin ruwa zai ja auduga ƙasa. Wanki sau ɗaya bayan an gama hawa ya isa, da ruwan sanyi da sabulun salo, a danna da hannu, kada a murɗe, kada a kai wa mai bugu. Idan ta bushe sarai a karkaɗe ta da tafin hannu audugar ta tashi. Baƙin tabon da sulke ke bari a kafaɗa ba ya fita duka, kuma ba laifi ba ne. Shi kuma sulken a zuba shi cikin buhu da busasshen rairayi a yi ta mirginawa har tsatsa ta fita, a shafa masa mai kaɗan a goge. Don Allah a daina shafa baƙin man inji, yana ratsa riga har fata kuma warinsa ba ya barinta. Wajen ajiya a sa rigar a adaka da kafur saboda asu, a ɗora adakar a kan dutse saboda gara, kuma a tsakiyar damina a fito da ita ta sha iska kada ta yi fumfuna. Hular kwalkwali ma haka, sai dai ita ta fi son wanki saboda man kai.

Wanda yake son riga don ƙaramar salla ya zo tun watan Rajab, da sulkensa da kwalkwalinsa da ɗamarar da zai ɗaura. Idan azumi ya kama ba ma karɓar sabon aiki, sai gyara da ƙarin auduga ga rigunan da suka fito daga hannunmu.